Gadar da ruwa ya shanye ƙasanta a Fadar Blenheim

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Yau ina garin Woodstock, kusa da birnin Oxford a Ingila, kuma ginin da kuke hange a bayana shi ne Fadar Blenheim. Sarauniya Anne ce ta ba John Churchill, wanda ya fara riƙe sarautar Duke na Marlborough, wannan fili a matsayin tukuicin nasarar da ya yi a kan rundunar Faransa a shekarar 1704. An sa harsashi a 1705, aikin kuwa bai kammala ba sai wajajen 1722.

Wanda ya zana ginin, John Vanbrugh, marubucin wasan kwaikwayo ne tun kafin ya shiga harkar gini, kuma a ganina hakan ya bayyana a aikinsa, domin ginshiƙan nan da hasumiyoyin dutse sun fi kama da dandalin nuna isa fiye da gidan da iyali za su zauna. Uwargidan John Churchill, Sarah, ba ta ji daɗin kuɗin da yake narkarwa ba. Rigima ta yi tsami har ya ajiye aikin a 1716, sannan da ya dawo ziyara a 1725 aka hana shi shiga.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gadar da nake tsaye a kanta. Vanbrugh ya gina ta da ɗakuna sama da talatin a cikinta, alhali ruwan da ke ƙarƙashinta a lokacin, wato rafin Glyme, bai taka kara ya karya ba. Daga 1764 ne Lancelot Brown, gwanin tsara lambu, ya datse rafin, ruwa ya taru ya zama tafkin nan, ya shanye ɗakunan ƙasa na gadar. Duk wanda ya tsaya nan zai rantse haka Allah Ya halicci wurin, amma gaɓar tafkin da rukunin itatuwan can nesa duk mutum ne ya zaɓa musu mazauni.

Iska ta fara kaɗawa, hannuna kuma ya ƙage da sanyi. Bari mu shiga ciki in nuna muku ɗan ƙaramin ɗakin da aka haifi Winston Churchill, tsohon Firaministan Birtaniya, ranar 30 ga Nuwamba, 1874.