Fodkas: Wata takwas a shekara

Auwal: Barkanmu da warhaka daga Bauchi. Malam Sani, maganar da ta hana mu barci a majalisa ce masu sauraro suka dawo da ita: wai shekarar gidan yari wata takwas ce?

Sani: Rangwame ne. Wanda aka yanke wa hukunci, in ya kama kansa, ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku, ka ga wata goma sha biyu ya koma takwas. Tunanin ya daɗe. A 1840 Turawan Ingila suka tura wani hafsan sojan ruwa, Alexander Maconochie, ya shugabanci kurkukun tsibirin Norfolk, inda ake jibge fursunonin da suka gagara a Ostareliya. Ya ce a daina ƙirga wa mutum kwanaki, a ƙirga masa maki. Ka yi aiki, ka nuna hali nagari, a rubuta maka. Ka yi laifi, a zaftare. Ka cika adadinka, ka kama hanya. Abinci ma da makin ake saye.

Bilkisu: Abinci? To masa guda maki nawa?

Auwal: In ta Wunti ce, da zafinta da ƙuli, goma.

Bilkisu: Goma! Da miyar fa?

Auwal: Miya sai wanda ya yi shara sau biyu.

Bilkisu: Ashe Auwal gaya zai ci.

Sani: Ku bari in ƙarasa mana! Har rukuni-rukuni yake haɗa su, ɗaya ya ɓata, duka su yi asara, don su riƙa tsawatar wa juna. Manyansa suka ce ya cika sassauci, suka cire shi a 1844. Walter Crofton, shugaban gidajen yarin Ailan, ya ɗauki tsarin a can, daga baya gidan yarin Elmira na Amurka a 1876. Mu kuwa a Najeriya sai 2019 doka ta mayar da gidajen yarinmu gidajen gyaran hali. Abin da ke ci mini rai, Malama Bilkisu, mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke. Yaro ya koyi ɗinki, ya sauke Alƙur'ani a ciki, ba a rage masa ko yini, tunda babu hukuncin da za a rage daga ciki.

Bilkisu: Wallahi akwai maƙwabciyarmu, kullum da kwanon tuwo take tafiya...

Auwal: Lokaci ya ci mu, an kira Magariba. Batun beli da muka yi alkawari sai mako mai zuwa.