Jawabi kan mazaɓa ta 15 ta Jihar New York a taron ƙungiyar Hausawa mazauna Bronx a birnin New York

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, ina gaishe ku.

Da yawa daga cikinmu, ko daga Kano muka taso, ko Damagaram, ko Zangon Kumasi, muna zaune ne a mazaɓa ta 15 ta Majalisar Wakilan Amurka, wadda gaba ɗayanta ke cikin Bronx. Tana ɗauke da mutane kusan 777,000, mafi yawansu masu jin Sifaniyanci ne 'yan asalin Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika, sai baƙaƙen fata, ciki har da mu 'yan Afirka ta Yamma. Ta daɗe cikin jerin mazaɓu mafi talauci a ƙasar, ko da yake taswirar da kotu ta sa aka zana a 2022 ta haɗo mata unguwar masu hali ta Riverdale.

José Serrano ya wakilci kudancin Bronx tun 1990 har ya sauka saboda rashin lafiya, Ritchie Torres ya gaje shi a zaɓen 2020. Dukansu 'yan Demokrat ne, domin jam'iyyar ta yi kaka-gida a nan, har Obama ya samu sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙuri'un mazaɓar a 2012, duk da cewa Trump ya ƙara samun magoya baya a Bronx a 2024. Saboda haka a zaɓen fidda gwani ake yanke hukunci, kuma Torres ya ci nasa na 2020 ne da kusan kashi ɗaya cikin uku kacal, saboda 'yan takara sun yi yawa. A dokar wannan jiha, wanda bai yi rajista da jam'iyya ba ba ya jefa ƙuri'a a fidda gwaninta, kuma a ganina nan ne muke tafka asara.

Sai batun ƙidaya. Bayan ta 2020, kujerun New York a Majalisar Wakilai sun ragu daga 27 zuwa 26, alhali da an ƙirga ƙarin mutum 89 da ba ta rasa kujerar ba. Ƙidaya tana haɗawa da kowa, mai takarda da marar takarda, amma zaɓe na 'yan ƙasa ne kaɗai.

Ina roƙon wannan zama ya naɗa kwamitin da zai bi masallatanmu yana taimaka wa waɗanda suka samu shaidar zama 'yan ƙasa su yi rajista kafin fidda gwani mai zuwa. Na gode.