Robar Maganin Feshi Ba Ta Zama Buta

Malam Habu: Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun jiya wayata ba ta huta ba kan hoton nan na Kura.

Rabi: Na butar?

Malam Habu: Shi fa. Robar maganin ciyawa ce aka mayar buta a bakin gona, har yaro na kurkure baki da ita. Wallahi raina ya ɓaci.

Auwalu: To Malam, ai sun ce an wanke da omo.

Malam Habu: Omo ba ya fitar da shi, Auwalu. Roba tana shan maganin. Ka duba gindin takardar da ke jikinta, akwai zane mai launi: ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. In ka ga ƙoƙon kai da ƙasusuwa, guba ce tsagwaronta. Ɗauraya uku ake yi, a juye ruwan cikin injin feshi, sannan a huda ta da ƙusa don kada wani ya tsinta. Kuma ban da ƙonawa, hayaƙin ma guba ne.

Rabi: Ni abin da ke damuna tokar bom ɗin nan na buhun wake. Da idona na ga mata na kakkaɓe ta a tsakar gida, kaji na tsattsaga.

Malam Habu: Phostoxin ke nan, ƙwayar maganin ƙwarin da ake sa wa a buhu. Da ya ji laima yake sakin iskar da ke kisa, shi ya sa ba a kwana ɗaki ɗaya da buhun. Sai baƙin man injin ban ruwa da ake tsiyayarwa a bakin kwalbati...

Rabi: Injin Auwalu kuwa ya tashi bana?

Auwalu: Anti Rabi, Tsohuwa tana nan daram!

Rabi: Wadda sai an ja igiya sau ashirin?

Auwalu: Sha biyu dai. Ranar Juma'a ma a ja na tara ta kama.

Malam Habu: Tara! An yi walima?

Auwalu: Shayi na saya wa yara, har da burodi.

Rabi: Mu ba a kira mu ba.

Malam Habu: Kai, lokaci ya tafi, ga kiran la'asar. Tsohon batir da alluran dabbobi sai mako mai zuwa. Mai hoton nan na Kura, don Allah ka karɓe butar yau ɗin nan ka huda ta.