Wane man 2T za a zuba wa injin jirgin ruwa in firimis bai zo ba?

Salisu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Daga Nima muke magana, nan cikin Akra. Salisu ne, ga Hajiya Rabi, ga kuma Masta Iddi, mai gyaran injin jirgin ruwa, wanda yau shi zai sha tambaya don maganar ta faɗo cikin sana'arsa. Masta, ina gajiya?

Masta: Ba gajiya, Salisu. Hajiya, ina wuni? Ya kasuwa?

Hajiya: Kasuwa sai godiya, Masta. Kifi ya yi tsada, kuma wanda ya bi sawun tsadar zai tarar da ita a bakin ruwa, wurin mai.

Salisu: To ai kin buɗe mana ƙofa. 'Yan'uwanmu na Yeji da Dambai da Kete Krachi a bakin tafkin Volta, har da na Tema a bakin teku, tambayarsu ɗaya ce: man 2T, wanda ake haɗawa da fetur a zuba wa injin jirgin ruwa, ya yi tsada, wanne za a saya da ba zai cinye riba ba, ba zai kashe inji ba? Wani zai ce ina ruwan ɗan zango da jirgin ruwa.

Hajiya: Wanda ya faɗi haka bai je Yeji ranar kasuwa ba. Jiragen da ke ƙetare tafkin Volta zuwa Makango da doya da shanu da mutane, da yawa kuɗin mutanenmu ne a ciki. Busasshen kifin da nake sarowa, inji ne ya kawo shi gaɓa. Ni kaina ina da hannu a jirgi ɗaya, kuma lissafin mai a kaina yake ƙarewa.

Salisu: Masta, mu fara daga tushe. Ai akwai firimis, man da gwamnati ke sa wa tallafi. Me ya kawo sayen 2T kuma?

Masta: Firimis fetur ne da aka riga aka haɗa da mai, ga shi shuɗi, kwamitin bakin ruwa ke sayar wa masunta. In ya zo, madalla. Amma kowa ya san ba kullum yake zuwa ba, in ya zo ma ba ya isar kowa. Mai jirgi ba zai zauna jira kifi na wucewa ba. Sai ya tafi gidan mai ya sayi fetur tsagwaronsa, ya nemi 2T ya haɗa da hannunsa. To yawancin injinan da ake kawo mini a mace, daga wannan haɗin na hannu ciwonsu ya faro.

Salisu: Me ya sa sai an haɗa? Mota ai ba a zuba mata baƙin mai cikin tanki.

Masta: Mota tana da ma'ajiyar mai a ƙasan inji, famfo na zagayawa da shi. Injin da muke magana a kai, irin Yamaha Enduro mai doki 40 da ya cika gaɓar ƙasar nan, ba shi da ita. Fetur da iska suna bi ta ɗakin kirankishaf kafin su hau kan fistin. Ɗan man da ke cikin fetur ɗin shi kaɗai ke shafa boris, ya shafa fistin da ringi, sannan ya ƙone ya fita. Ka ga ana son abu biyu daga gare shi: ya yi santsi, kuma in ya ƙone kada ya bar datti. Man mota an yi shi ne ya zauna, ba a yi shi don ƙonewa ba. In ka ƙona shi, toka yake bari.

Hajiya: Amma Masta, 2T ai 2T ne. Yaron jirginmu ya ce wanda masu injin yanka katako ke saya ya fi araha, kuma a jikinsa an rubuta 2T ɓaro-ɓaro.

Masta: Nan ne mutane suka fi faɗawa, Hajiya. Injin yanka katako iska ke sanyaya shi, yana ɗaukar zafi ƙwarai, yana aiki yana tsayawa. Mansa yana ɗauke da sinadarin wanki mai barin 'yar toka, kuma a wannan zafin ba ta damunsa. Injin jirgi ruwa ke sanyaya shi, bai kai wancan zafi ba, ga shi zai yi awa da awanni a kan murya ɗaya. Tokar sai ta riƙa taruwa a bakin fulogi da kan fistin. In ta yi kauri takan yi ja kamar garwashi, ta kunna fetur kafin fulogi ya ba da wuta. Daga nan sai ƙwanƙwasa, wata rana a buɗe a ga fistin ya huje. Man jirgi an yi shi ba toka, an kuma sa masa maganin tsatsa, don injin da ke kwana a Chorkor ko Jamestown, bakin tekun Akra, iskar gishiri yake shaƙa dare da rana.

Salisu: To mutum na tsaye a shago, yaya zai bambanta su?

Masta: Ya juya robar ya nemi wannan rubutu: TC-W3. Ma'auni ne na NMMA, ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa da injinansu ta Amurka. Kafin su ba mai wannan shaida sai an gwada shi a cikin inji, a ga santsinsa, a ga ko ringi zai maƙale, a ga yadda yake gauraya da fetur. Wanda ya ci jarrabawar ana ba shi lambar rajista mai farawa da RL, kuma suna wallafa jerin sunayen a intanet. In abin da ka gani JASO FB ne ko FC ko FD, ko API TC kawai, wannan na babur ne da injin katako. Ajiye shi.

Salisu: Wato ba dole sai Yamalube, man kamfanin Yamaha, ba?

Masta: Ba dole ba. Yamalube mai ne mai kyau, Quicksilver na kamfanin Mercury ma haka. Amma shi kansa littafin injin yana cewa in ba ka samu nasu ba, ka zuba wani mai shaidar TC-W3. TotalEnergies suna da Neptuna, Shell suna da Nautilus, Castrol da Motul ma suna yin na jirgi. Duk wanda ka samu da shaidar nan, murfinsa a rufe, kuma ya fi sauƙin kuɗi, ɗauki abinka. Enduro inji ne mai kafireto, ba ya neman man ƙwalisa. Na yau da kullum ya ishe shi.

Hajiya: Wannan ta yi mini daɗi, don na gaji da a ce mini araha ba ta ado. Mai faɗin haka ba shi ke biyan yara kuɗin abinci ranar da aka dawo ba kifi ba. Mu arahar muke nema, Masta, gaskiya ke nan.

Masta: Ban ƙi ba, Hajiya. Amma mu yi lissafi tare, ke ce 'yar kasuwa. Awon injin nan kashi 50 na fetur ne, kashi 1 na mai. Lita ɗaya ta 2T tana ɗaukar lita 50 ta fetur. Mu ƙaddara, misali kawai, mai shaida sidi 100 ne, marar shaida sidi 70. Bambancin nawa?

Hajiya: Sidi 30.

Masta: Raba shi a kan lita 50.

Hajiya: Pesewa 60 kowace lita.

Masta: To saboda pesewa 60 za a sa fistin da ringi da boris a caca, ga kuɗin aikina, ga kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure. Wannan ma in abin ya tsaya a dukiya. Injin da ya mutu a tsakiyar Volta, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse kogin a Akosombo, ga iska ta taso, ga mata da yara a ciki, wannan maganar rai ce.

Hajiya: Allah ya tsare. Na yarda da lissafin. Amma bari in faɗi abin da ku masu gyara ba ku gani. Matsalarmu ba a shagon Akra take ba. A ƙauyen bakin tafki, mai shago ba ya ajiye roba rufaffiya, don ba mai iya sayen lita guda. Tsiyayawa yake yi a robar ruwan sha, ya sayar kaɗan-kaɗan. Yaro ya ɗaga ya ga shuɗi ne, ya murza a yatsa ya ji kauri, ya ce mai kyau ne.

Masta: Launi rini ne kawai, ana sa shi don a gane an haɗa fetur ko ba a haɗa ba. Kowa na iya rina mai. Kauri kuma ba shaida ba ne, asali ma 2T na gaskiya yakan fi man mota ruwa-ruwa, don an sirka shi yadda zai bi fetur nan da nan. Mai kaurin nan sau da yawa man mota ne, ko kuma wanda aka juye daga wani inji aka tace.

Salisu: To mene ne mafita, tunda na ƙauye ba shi da zaɓi?

Hajiya: Mafitar a hannunmu take, mu da ke zirga-zirga. Motar da ta kawo kifi Akra ko Kumasi ai tana komawa. Masu jirgi huɗu ko biyar su yi adashi, a sayi babban mazubi mai lita 20, ko katan na masu lita 4, daga gidan mai ko wurin dilan da kamfani ya amince da shi, a karɓi rasit. Sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, wannan ko mai tallan gyaɗa ya sani. A ajiye wurin mutum ɗaya amintacce, a inuwa, murfi a rufe.

Masta: Haka ne. Wanda kuma zai zaga kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a nan Akra, ko Suame Magazine in a Kumasi yake, ya zaga ya ji farashi, akwai masu amana da yawa. Sai dai ya duba zoben murfi bai tsinke ba, ya ga lambar bugu da kwanan wata, rubutun bai dushe ko ya karkace ba. In farashi ya faɗi ƙasa da na dila nesa ba kusa ba, ya tambayi kansa ina mai shagon ya samo shi. Kuma don Allah in roba ta ƙare a huda ta. Masu jabu tsofaffin robobin nan suke tsinta su sake cikawa.

Salisu: Mu dawo kan awo. Na ga mutane na auna da gwangwanin madara.

Masta: Gwangwani iri-iri ne, hannu ma iri-iri ne. Ga lissafin, mai biro ya rubuta. Kowace lita ɗaya ta fetur, mililita 20 na mai. Galan Kufuor, rawayan nan, wani lita 20 ne, wani 25, sai ka san naka. Mai lita 20 yana cin mililita 400. Mai lita 25 yana cin rabin lita cif. A sayi kofi mai layin awo a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi. Wajen haɗawa, fara zuba fetur kaɗan, ka zuba man, ka rufe ka girgiza sosai, sannan ka cika. In ka fara zuba mai a busasshen tanki, yakan kwanta a ƙasa.

Salisu: Sabon inji fa?

Masta: Awa 10 na farko ana ninka man, 25 da 1, wato mililita 40 a lita, kuma ba a matsa masa wuta. Ni ko ringi na canza wa inji haka nake cewa a yi. Bayan nan a koma 50 da 1. Wanda injinsa wani iri ne ya duba littafinsa, don akwai masu awo daban.

Hajiya: Direbanmu yakan ƙara 2T a kan firimis, wai don inji ya ji daɗi. Na hana, ya ce ban san inji ba.

Masta: Ke ce da gaskiya. Firimis ya zo da mansa. Ƙari ba ya ƙara ƙarfi, hayaƙi yake ƙarawa, fulogi ya jiƙe ya yi baƙi, gawayi ya toshe hanyar salansa, da safe a yi ta jan igiya inji ya ƙi tashi. Kuɗinki ne ke fita ta hayaƙin nan. Amma rage mai ya fi wannan muni nesa. Mai yawa yana ɓata fulogi, mai kaɗan yana kama fistin.

Salisu: In mutum ya maƙale a wani tsibiri, ba TC-W3, sai na babur?

Masta: Ya zuba na babur a kan awo, ya tafi a hankali har ya iso gida, ya fi tafiya da fetur zalla. Tanki ɗaya ba zai kashe inji ba, mayar da shi ɗabi'a ne ke kashewa. Sannan a daina ɗora wa mai kowane laifi. Wani zai zo yana zagin man da ya saya, in buɗe in ga robar famfon ruwa ce ta cinye, inji ya yi zafi ya kama. Duk lokacin da aka tada inji a kalli ɗan ruwan nan da ke tsartuwa ta baya. In bai fito ba, a kashe nan take. Man giya na ƙasa wurin farfela kuma daban yake, in an kwance an ga ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza sil.

Hajiya: Wannan famfon ruwa ya kamata mu ba shi rana guda, Salisu, don yashin bakin tafki yana cinye shi da wuri.

Salisu: Za mu ba shi, in Allah ya kai mu mako mai zuwa. Masta, ka zo mana da tsohuwar robar da sabuwa, mu ɗauki hoto mu sa wa jama'a a WhatsApp su ga bambanci. Hajiya, Masta, mun gode. Jama'a, sai mun sake haɗuwa, assalamu alaikum.