Birkin da ke Tsayar da Haɗa Furotin Tun Daga Farko

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, barkanmu da yamma.

Haɗa furotin aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai. Shi ya sa ƙwayar halittar mutum, da ta sauran dabbobi masu shayarwa, ba ta bari sai aiki ya yi nisa. Tun a matakin farko take taka birki.

Kafin ribosom, wato injin haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, ya soma karanta saƙon mRNA mai ɗauke da umarnin haɗa furotin, sai wani furotin mai suna eIF2 ya kawo masa amino asid na farko (amino asid su ne tubalan gina furotin), wato metiyonin, a nemo alamar farawa ta AUG a jikin saƙon. Bayan nan wani furotin, eIF2B, ne ke sake shirya eIF2 domin zagaye na gaba. To, da zarar an liƙa wa eIF2 wani ɗan sinadari mai suna fosfet a gurbi na 51 na sashensa na alfa, sai eIF2 ɗin ya damƙe eIF2B ya hana shi aiki, haɗa furotin ya ragu. Da yake eIF2B bai kai eIF2 yawa ba, ko kaɗan daga cikin eIF2 aka liƙa wa fosfet, ya isa a taka birkin.

Furotin masu liƙa fosfet ɗin huɗu ne. GCN2 yana motsawa idan amino asid ya yi ƙaranci, PKR idan bairos ya shigo, PERK idan sababbin furotin sun kasa naɗuwa daidai. Na huɗun, HRI, shi nake so ku riƙe da kyau.

A cikin ɓargo, jar ƙwayar jini mai tasowa kusan ba ta da wani aiki sai haɗa himogulobin: furotin gulobin, haɗe da wani sinadari mai suna him, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe. Idan ƙarfe ya yi ƙasa, him zai ragu, sai HRI ya farka ya rage haɗa gulobin. Me ya sa? Domin gulobin da ba shi da him dunƙulewa yake yi ya lalata ƙwayar. An ga haka a 2001 a jikin ɓerayen da aka cire wa HRI aka kuma rage musu ƙarfe a abinci: jininsu ya lalace fiye da na ɓerayen da ke da HRI. Wallahi wannan tsari yana burge ni.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A 2018, masu bincike a Filadelfiya ta Amurka sun nuna cewa rage HRI a ƙwayoyin jinin mutum yana ƙara himogulobin irin na jarirai, wanda ke sassauta cutar sikila. Ku lura, a ɗakin gwaji aka yi wannan, don haka kada kowa ya fita ya ce wa mai sikila an samo magani. Amma mu da muke ganin yaran nan a asibitocinmu kullum, ya kamata a ce da hannunmu a wannan bincike.