Lacca: Gyambon ciki da maganinsa

Assalamu alaikum. Iyayena mata da ke can baya, kuna ji na? To madalla.

Kusan duk wanda ya zo mana asibiti dafe da ƙirji, abin da yake fara cewa shi ne, "Sista, yunwa ce ta jawo mini olsa." Yunwa takan tayar da ciwon, gaskiya ne, amma galibi abu biyu ne ke haƙa gyambon.

Na farko wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya ɗaga ruwan da ke ɗauke da ƙwayar ya shanye, ya kuwa kamu da ciwon ciki. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Na biyun, wato magungunan rage ciwon jiki, shi ya fi damuna. Lebura ya tashi aiki jiki duk ya yi tsami, ya biya kemis ya ce "haɗa mini", a ƙulla masa diclofenac da ibuprofen a leda ɗaya, ya kora da shayi ciki ba komai. Magungunan nan suna rage yauƙin da ke kare bangon ciki. Kullum haka, yaya ciki zai yi?

Idan gwaji ya nuna ƙwayar, likita kan haɗa omeprazole, mai rage ruwan asid na ciki, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, yawanci amoxicillin da clarithromycin, safe da yamma, har kwana 14. Omeprazole rabin awa kafin abinci ake shan sa. Clarithromycin yana barin ɗaci a baki, shi ya sa mutum kan ajiye a kwana na huɗu da ya ji sauƙi. Don Allah a daure a ƙarasa. Farin maganin ruwan nan da madara lallashi kawai suke yi, jiƙon kanwa kuma ku bar shi.

Wanda aka kwantar, za ku ga muna yawan auna bugun jininsa, muna buɗe fatar idonsa, muna tambayar launin bayan gida. Baba, kada ka ji nauyina don ina 'yar cikinka. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ko amai da jini, alama ce gyambon yana zubar da jini, ba a kwana da shi a gida.

Ku kuma masu jinya, in muka ce kada a ba shi komai ta baki, to har da kunun da ake shigowa da shi a ƙarƙashin hijabi. Mai yiwuwa za a zura masa na'urar leƙa ciki ne, ko a shiga da shi tiyata, kuma dole cikin ya kasance babu komai.