Akanta, Lauyoyi da Babbar Sakatariya: Mutanen da Suka Tsaya wa Makarantar Kiɗa ta MUSON a Legas

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Wannan gini da kuke gani yana unguwar Onikan ne a tsibirin Legas, kusa da gidan tarihi na ƙasa, ba nisa da dandalin Tafawa Ɓalewa. Nan ce cibiyar MUSON, wato Ƙungiyar Kiɗa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1983. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma kamfanin neman riba ba ne. A ciki akwai zaurukan wasa, akwai makarantar koyon kiɗa da aka buɗe a 1989. Idan ka ratsa ta gefen azuzuwan, ta nan za ka jiyo yaro yana ta maimaita layi ɗaya a kan fiyano, ta can wata tana gwada murya, gaba kaɗan wani yana fama da ƙaho.

Yau ba ɗaliban za mu duba ba, ba kuma malamansu ba. Waɗanda suka kafa wurin suka riƙe amanarsa za mu duba, mu ga daga ina suka fito, wace sana'a suka yi, me kuma ya sa hakan ya shafi yaron nan da ke zaune gaban fiyano. Sunaye biyar ake ambata idan ana maganar kafuwar MUSON: Akintola Williams, Ayo Rosiji, Francesca Emanuel, Louis Mbanefo da Rasheed Gbadamosi. Duk cikinsu babu wanda da kiɗa yake cin abinci.

Mu fara da Akintola Williams. An haife shi a 1919, ya yi karatu a makarantar CMS ta Legas da kwalejin Yaba, sannan ya tafi Landan. A 1949 ya ci jarrabawar zama ƙwararren akanta a Ingila, kuma shi ake kira uban wannan sana'a a Najeriya. Da ya dawo gida sai ya ɗan taɓa aiki a ofishin haraji, a 1952 ya buɗe kamfaninsa, a lokacin da kusan duk manyan littattafan kuɗi na ƙasar nan hannun Turawa suke bi. Yana cikin waɗanda suka kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar akantoci ta ICAN da aka kafa a 1965. A shekarar da ya yi ritaya daga kamfaninsa, 1983, a ita aka kafa MUSON. Wato mutumin ya ajiye aiki ɗaya ya ɗauki wani, ya kuma shugabanci kwamitin amintattun ƙungiyar.

To me akanta zai yi wa makarantar kiɗa? Ku matso kusa ku dubi fiyanon nan. Jikinsa katako ne, cikinsa wayoyin ƙarfe sama da 200, kowace a ɗaure tamau. Legas kuwa gari ne na laima da iskar teku. Katako yana kumbura, ƙarfe yana tsatsa, sauti yana kaucewa. Sai an ajiye shi a ɗaki mai sanyi, sanyi na buƙatar wuta, wuta na buƙatar janareta da man dizal, sannan lokaci zuwa lokaci a kira mai gyara ya zauna ya daidaita wayoyin ɗaya bayan ɗaya da kunnensa. Haka gogen Turawa da ake kira bayolin: bakansa da gashin wutsiyar doki ake ɗaure shi, kamar dai na gogenmu, kuma gashin yana tsinkewa, tsirkiyoyin kuma galibi daga waje ake sayo su da kuɗin waje. Kuɗin da iyaye ke biya ba ya ɗaukar wannan nauyi. Dole a nemi masu bayarwa, mai bayarwa kuwa, musamman babban kamfani, ba ya sakin kuɗinsa sai ya tabbata za a kawo masa lissafi a rubuce, kwabo bai yi ciwon kai ba. Idan sunan Akintola Williams na ƙasan takarda, an gama rabin magana. Shi ya sa manyan zaurukan cibiyar suke ɗauke da sunayen kamfanonin mai, Agip da Shell. A 1997 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta CBE, kuma aikinsa a MUSON na cikin dalilan da aka ambata.

Sai Cif Ayo Rosiji, mutumin Abeokuta, lauya kuma ɗan siyasar jamhuriya ta farko. Ya yi babban sakataren jam'iyyar Action Group, ya kuma riƙe muƙamin minista a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Lokacin da aka kafa MUSON ya daɗe da barin fagen siyasa, amma wanda ya zauna a majalisar ministoci ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, ya san kuma yadda ake gaisawa kafin a faɗi buƙata. Ƙungiyar da ke neman fili a tsakiyar Legas ba ta raina irin wannan sani.

Wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Francesca Emanuel. An haife ta a 1933, ta karanci ilimin labarin ƙasa a Ibadan da Landan, ta shiga aikin gwamnatin tarayya gab da samun 'yancin kai, lokacin da ba a saba ganin mace a kujerar jami'in mulki ba. A 1975 ta zama mace ta farko da ta kai matsayin babbar sakatariya a gwamnatin tarayya. Amma tun kafin wannan, an san ta a dandali. Mawaƙiya ce mai zazzaƙar murya, ta kuma yi wasan kwaikwayo a ƙungiyar da Wole Soyinka ya kafa a 1960. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi a teburin taro. Idan ana maganar yadda za a rubuta wa ma'aikatar ilimi takarda don a amince da shaidar karatun makarantar, ta san hanyar da fayil ke bi daga tebur zuwa tebur, ta san inda yake maƙalewa. Idan kuma ana maganar ko mawaƙa na buƙatar ƙarin kwanakin atisaye kafin wasa, ta taɓa tsayawa gaban jama'a da bugun zuciya, ta san amsar ba sai an gaya mata ba. Mutum ɗaya mai ido biyu irin wannan yana da wuyar samu, kuma a ganina irinta ce ke hana kwamiti ya koma taron masu ƙirga kuɗi kawai.

Louis Mbanefo ɗa ne ga Sir Louis Mbanefo na Onitsha, wanda ya yi babban jojin tsohuwar Jihar Gabas. Shi ma ɗan ya bi sahun shari'a, ya yi karatu a Kambirij, ya zama babban lauya mai lambar SAN, ya ƙware a dokokin teku da jiragen ruwa. Yana kuma kaɗa fiyano da kansa, daga baya ya shugabanci ƙungiyar. Tsarin mulkin ƙungiya, takardun fili, yarjejeniya da masu ɗaukar nauyi, duk aikin lauya ne, kuma kuskure ɗaya a cikinsu na iya cinye abin da aka yi shekaru ana tarawa.

Na biyar shi ne Rasheed Gbadamosi, ɗan gidan Alhaji S.O. Gbadamosi na Ikorodu. Masanin tattalin arziki ne, mai masana'antu, ya yi kwamishina a Legas yana matashi, ya yi ministan tsare-tsaren ƙasa a mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, ya shugabanci hukumar ƙayyade farashin man fetur ta PPPRA. Da yawa a Arewa ta wannan kujera suka san sunansa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne marubucin wasan kwaikwayo ne, kuma yana cikin manyan masu tara zane-zanen 'yan Najeriya.

Abin da ya haɗa su tun farko sha'awar kiɗan ce, a zaman sauraro da ake yi a gidaje da yamma, kuma jakadan Birtaniya na wancan lokaci, Sir Mervyn Brown, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa musu gwiwa. Wannan yana da muhimmanci. Ba a ɗauko su ba ne don a ƙawata takardar kamfani da manyan sunaye. Mun sha ganin gidauniyar da ake jera sunayen masu sarauta da tsofaffin gwamnoni a kwamitinta, shekara ta zagayo ba wanda ya leƙo. Waɗannan su suka nemi aikin da kansu.

Bari mu ɗan tsaya a kan doka, don mutane da yawa suna ɗaukar zama cikin amintattu kamar sarauta ce da ake naɗa wa mutum. A Najeriya, dokar kamfanoni ta CAMA, wadda aka sabunta a 2020, ita ce ta tsara rajistar ƙungiyoyin taimako, na ilimi, na addini da na al'adu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Kafin a yi wa amintattu rajista sai an buga sunayensu a jaridu, a ba da kwana 28 ko wani na da ƙorafi. Yaro ƙarami ba ya zama amintacce, haka mai taɓin hankali, haka wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, haka wanda aka samu da laifin zamba cikin shekaru biyar da suka wuce. Dukiyar ƙungiya da sunan amintattu ake riƙe ta, amma ba tasu ba ce, ba a raba musu riba. Ko rushe ƙungiyar aka yi, abin da ya rage wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Sashe na 839 ma ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan an samu almundahana, sashen da ya tayar da ƙura sosai, musamman daga ƙungiyoyin addini.

Ribar wannan tsari ta fito fili a 2006, lokacin da gidauniyar MTN ta fara ɗaukar nauyin ɗaliban difloma ta shekara biyu a makarantar. Yaron da iyayensa ba su da halin saya masa ko tsirkiya ɗaya ya samu damar zama a aji, ya koyi karanta rubutun kiɗa, ya fita da shaida a hannu. Sannan ga jarrabawar da ta fi kowace wuya: Rosiji ya rasu a shekarar 2000, Gbadamosi a 2016, Francesca Emanuel a 2020, Akintola Williams a 2023 yana da shekara 104. Makarantar ba ta rufe ba, bikin kiɗa na shekara-shekara bai tsaya ba.

Amma fa asalin amintattu ba kuɗi kaɗai yake jawowa ba, yana zaɓar irin kiɗan da za a koyar. Waɗannan mutane manyan Legas ne, a ƙasar waje suka yi karatu mai zurfi, kunnensu ya saba da kiɗan gargajiyar Turai, don haka shi ya zama ginshiƙin makarantar. Ba a kori kiɗan gida ba, ana jin sa a bukukuwansu, ana kuma kaɗa ayyukan mawallafan kiɗa 'yan Najeriya. Sai dai wanda ya zauna a tebur shi ke yanke abin da za a saya da kuɗin bana, kuma mutum abin da ya sani yake fara tunawa. A Birtaniya, gidauniyar Youth Music mai tallafa wa yara da matasa a harkar kiɗa, da aka kafa a 1999, ta ɗauki wata hanya a 2018, ta ɗora YolanDa Brown a shugabancin kwamitinta, mace mai busa ƙahon sakson wadda iyayenta 'yan Jamaika ne, wadda kuma ta karanci harkar gudanarwa a jami'a. Wato an sa mai sana'ar kanta a kan kujerar.

Nan ne maganar ta zo kusa da gida. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Yaro yana tashi a gidan makaɗa, ya fara da ɗaukar kaya, ya shiga cikin 'yan amshi, a hankali hannunsa ya faɗa. Mai ɗaukar nauyi kuma sarki ne, ko attajiri, ko masu sana'ar da ake yi wa kiɗan, kamar mahauta da kalangu. Tsari ne da ya fitar da gwanaye na gaske, ba mai musun haka. Rauninsa shi ne a wuyan mutum ɗaya yake rataye. Ranar da uban kiɗa ya kwanta dama, ko ubangidansa ya kau, sau da yawa ƙungiyar watsewa take yi, 'ya'ya su kama wata sana'a. Yau ka nemi matashin da ya iya kotso ko taushi da kyau, ko wanda ya san yadda ake haɗa algaita, ka ga irin yawon da za ka sha. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya, amma ta gwamnati ce, ƙarfinta yana bin ƙarfin kasafin kuɗi.

Da za a kafa irin wannan gidauniya a Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ba a rasa tsofaffin akantoci, lauyoyi da manyan sakatarorin da suka yi ritaya, waɗanda in sun ji gurmi ko molo sai ka ga sun yi shiru suna kaɗa kai. Su ne za su iya rubuta tsarin mulki, su je CAC, su tunkari bankuna da kamfanonin sadarwa. Ni dai abin da zan ƙara a kan tsarin Legas shi ne kujera biyu: ɗaya ta sarkin makaɗa, mai cikakken ikon jefa ƙuri'a kamar kowa, ɗaya kuma ta malamin addini da jama'ar gari ke jin maganarsa, domin a Arewa shi ne mutumin da uba zai fara tambaya kafin ya bar ɗansa ya shiga ajin kiɗa.